Me Ya Sa Shafukan Can Gaba Suke Nauyin Buɗewa?

Ka taɓa lura cewa a wasu shagunan intanet shafin farko yana buɗewa nan take, amma da ka yi nisa sai abin ya fara jan ƙafa? Sau da yawa ba laifin wayarka ba ne. Matsalar tana can wajen sabar, a yadda take ɗebo bayanai daga rumbunta.

A ce shago yana da kaya 50,000, kowane shafi yana nuna 20, sababbi a sama. Yawancinmu masu haɗa manhaja da umarnin LIMIT da OFFSET muke farawa a MySQL ko PostgreSQL. Don a kawo shafi na 501, sai a rubuta OFFSET 10000. To, rumbun ba ya tsallakawa kai tsaye. Sai ya bi ta kan layuka 10,020, ya watsar da 10,000, ya miƙo 20. Tamkar ɗan dako ne da zai sauke buhu dubu goma kafin ya kai ga ashirin ɗin da aka aike shi.

Akwai wata illar kuma. Idan aka ɗora sabon kaya kana tsaka da dubawa, komai zai matsa ƙasa da layi ɗaya, sai abin da ka riga ka gani ya sake fito maka. Ka ga datarka ta tafi sau biyu kan abu guda.

Mafita ita ce a riƙe lambar abu na ƙarshe da aka nuna maka, a ci gaba daga nan:

WHERE id < 40001 ORDER BY id DESC LIMIT 20

Da yake wannan lambar tana da fihirisa, rumbun zai dira daidai wurin ya ɗauki 20 kawai. Irin wannan alama Facebook yake ba masu haɗa manhaja idan suna jan dogon jeri daga wajensa.

Haka kuma, ba sai ka ƙirga dukkan kayan da COUNT a kowane shafi ba. Nemi 21, ka nuna 20. Idan na 21 ya zo, akwai shafi na gaba ke nan.

Sai dai da wannan dabara ba a tsallakawa zuwa shafi na 37 kai tsaye. Don haka ta fi dacewa da jerin da ake ta ja da yatsa a waya. Idan jerinka bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, OFFSET ya wadatar.