Jirgin Kwamfuta da Injin Ban Ruwa

A fadamar Tarka, inda mutanen Madawa ke noman albasa da rani, idan injin ban ruwa ya mutu ba a fara wargaza shi. Mai gyaran kirki tambaya yake fara yi: wane mai ka zuba masa jiya? Sai ya duba buji, ya ja igiya. In bai tashi ba, ya mayar da bujin, ya koma kan mai. Ba ya taɓa abu biyu a lokaci guda, don in injin ya tashi ya san abin da ya tashe shi.

Wannan haƙurin ne ke ƙaranci ga masu tuƙa jirgi a manhajar Microsoft Flight Simulator. Kamfanin Asobo na Faransa ne ya ƙera wadda ta fito a Agustan 2020, da hotunan tauraron ɗan'adam na Bing, har mutum kan tashi daga filin jirgin Tawa, ya ratsa tsaunukan Keita, ya nufi Buza. Ana cikin haka sai ɗif, manhajar ta rufe kanta. Da yawa sai su goge ta su sake saukewa, abin da ke neman gurbin giga 150. Da kuɗin intanet ɗinmu, wannan sayen sabon inji ne saboda buji ya yi baƙi.

Galibi laifin na jakar Community ne, inda ake zuba jiragen da filayen da aka kwaso a intanet. Su ne man kwalba na bakin hanya: wani tsaf, wani da gauraye. Ka kwashe su duka ka gwada. In ta tsaya lafiya, ka mayar da rabi, ka sake gwadawa, ka ci gaba da rabawa; ko 64 ne, gwaji 6 ya isa a kama mai laifin. Windows ma na rubuta sunan abin da ya faɗi a Event Viewer, sai dai ba mai leƙawa.

In jakar ba komai amma tana ci gaba da mutuwa, musamman bayan ta ɗan jima tana aiki, ka taɓa jikin kwamfutar. A Afrilu zafinmu kan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun Janairu. A buɗe a hure ta tukuna, sannan a yi maganar sabunta direban katin hoto.