Wasa Ɗaya, Hukunci Biyu

Shirinmu na musamman na yau zai fara ne daga wani abu da duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai cajin waya a Kurya Madaro ko Ƙauran Namoda ya gani da idonsa. Saurayi ya riƙe waya da hannu biyu, a kwance, yana karkata ta dama, yana karkata ta hagu, kafaɗarsa na bin ta, har wuyansa ya lanƙwashe kamar shi ne a cikin motar da ke gudu a kan gilashin. Ba ya danna komai, motsin hannunsa ne sitiyari. Na kusa da shi kuwa, mai irin wannan gem ɗin a tasa wayar, tsaki yake ja, yana cewa gem ɗin banza ne, mota ba ta jin magana. Wasa ɗaya, kamfani ɗaya ya yi shi, amma hukunci biyu. In ka leƙa Play Store ma haka za ka tarar, wani ya ba shi taurari biyar, na ƙasa da shi ya ba shi ɗaya tal har da baƙar magana. To, abin da zai ba ku mamaki shi ne ƙwararrun masu sharhi na Amurka da Japan da Ingila, waɗanda da wannan sana'ar suke cin abinci, su ma haka suke saɓawa a kan irin waɗannan wasannin da ake sarrafawa da motsin jiki. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja kafin lokaci ya ƙure mana, shi ne kowannensu gaskiyar abin da ya gani yake faɗa. A irin wannan wasa, jikin mai bugawa da ɗakin da yake ciki da na'urar da ke hannunsa duk sun zama wani ɓangare na injin, don haka mutum biyu ba su taɓa buga abu ɗaya ba.

Tarihin a taƙaice. Kamfanin Nintendo na Japan ya fito da na'urar Wii a watan Nuwamban 2006, da wani hannu mai kama da rimot ɗin talabijin da ake lilo da shi, aka sayar da fiye da miliyan 100. Sony ya sa na'urar jin motsi a hannun PlayStation 3 a wannan shekarar, ya ƙara da PlayStation Move a 2010. Microsoft kuma ya kawo Kinect a ƙarshen 2010, kyamara ce da ke kallon jikinka gaba ɗaya, ba ka riƙe komai. Abin ya kuma gangaro cikin wayoyinmu. Shi ke nan, mu wuce.

Ga misalin da aka fi jayayya a kai. A watan Nuwamban 2011 Nintendo ya saki wani wasan takobi mai suna Skyward Sword, cikin jerin wasannin Zelda. Yadda ka sara da hannunka, haka jarumin zai sara da takobinsa, daga sama ko daga gefe ko a karkace. Shafin IGN ya ba shi maki 10 bisa 10. Mujallar Edge ta Ingila, wadda aka sani da rowar maki, ita ma ta ba shi 10. Mujallar Famitsu ta Japan ta ba shi 40 bisa 40. Sai ga shafin GameSpot da 7.5, mai sharhinsu Tom Mc Shea yana kukan cewa takobin ba ya bin hannunsa yadda ya kamata. Aka yi masa caa. Masoya wasan suka tono kuskure a cikin bayaninsa na yadda rimot ɗin ke auna saiti, GameSpot ya gyara wannan jimla, amma makin yana nan bai motsa ba. Goma a nan, bakwai da rabi a can. Kafin mu yanke wa Mc Shea hukunci, mu koma baya shekara ɗaya da 'yan watanni, zuwa watan Yunin 2010, a babban taron baje kolin wasanni na E3 a birnin Los Angeles. Shigeru Miyamoto, mutumin da ya ƙirƙiro Zelda da kansa, ya hau dandamali don ya nuna wa duniya wannan wasan. Ya ɗaga rimot, ya ja baka zai harba kibiya, saiti ya ƙi tsayawa, yana ta yawo a kan allo a gaban ɗimbin 'yan jarida. Bayanin da aka bayar shi ne na'urorin da jama'a suka cika zauren da su ne suka dagula siginar. Ku lura da wannan, masu sauraro. Mai abu da abinsa, wanda ba za a ce bai iya ba, zaure kawai aka canza masa, wasan ya ƙi shi.

Me ya sa haka? Maɓalli abu biyu ya sani, an danna ko ba a danna ba. Ɗan Kurya ya danna, ɗan Tokyo ya danna, saƙo ɗaya ne ya isa. Na'urar jin motsi kuwa hasashe take yi. Tana auna saurin juyawar hannunka sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, tana tara lissafin, sannan ta ce ga inda take jin hannunka yake. Kowane awo na da ɗan kuskure, kuskuren kuma taruwa yake, har tsakiyar allo ta gusa gefe ba ka sani ba. Shi ya sa a wannan wasan takobi, kafin ka fara sai ka kifa rimot ɗin a kan wuri mai shimfiɗa na ɗan lokaci don ya daidaita, kuma a tsakiyar wasa akwai maɓallin da ake dannawa a maido da saiti. Wanda ya saba danna shi ba tare da tunani ba zai rantse maka takobin ba ya kuskure. Wanda bai saba ba zai rantse maka takobin ya lalace. Babu maƙaryaci a cikinsu. Manomi ya san wannan tun kafin a yi lantarki: galma ɗaya, dogo ya ce ta karya masa baya, gajere ya ce ba a taɓa ƙera irinta ba, wanda ya kai ta fadama kuma hukuncinsa daban da na mai noman jigawa. Har bahago yana da nasa ƙorafin. Jarumin Zelda asalinsa bahago ne, amma da za a kawo wasan Twilight Princess kan Wii a 2006, sai kamfanin ya juya duniyar wasan kakaf, gabas ta koma yamma, don takobin ya dawo hannun dama, saboda da dama mafi yawan mutane za su yi lilo da rimot.

Bari in ɗan tsaya kan wani abu da ke burge ni. Waccan 'yar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin ta Wii, wadda kowa ke zaton ita ce ke kallon mai wasa, ba ta ganin komai. 'Yan fitilu ne kawai a gefenta biyu, masu fitar da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani. Kyamarar tana bakin rimot ɗin, ita ce ke neman ɗigo biyu na wannan haske ta gane inda ka nuna. Saboda haka in sandar ta lalace, ka kunna kyandir biyu ka ajiye a gaban talabijin da 'yar tazara tsakaninsu, rimot zai yi aiki. Kyandir biyu! Mutane sun gwada, sun ɗauki bidiyo, yana yi. To, in wutar kyandir za ta iya tsayawa a matsayin na'ura, me kuke tsammani hasken rana da ya faɗo ta taga zai yi mata? Mai sharhin da ya buga da dare a ɗaki mai labule, da wanda ya buga da hantsi taga a buɗe, sun rubuta sharhi ne a kan ɗakunansu, suna zaton a kan wasa suke rubutawa.

Kinect ma ya zo da tasa matsalar. Yana son fili kamar ƙafa shida tsakaninka da talabijin in kai kaɗai ne, kamar takwas in ku biyu ne, abin da ɗakunan haya da yawa ba su da shi. Kuma a makon da ya fito, GameSpot ya ruwaito cewa na'urar ta sha wahalar gane fuskar wasu ma'aikatansa masu baƙar fata. Ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta sake gwadawa, ta ce matsalar ƙarancin haske ce a ɗaki, kuma ta shafi gane fuska ne kawai, bin motsin jiki yana aiki. Ko wanne bayani mutum ya ɗauka, mu a nan ya kamata mu ɗaga kunne, domin fatarmu baƙa ce, ɗakunanmu kuma sau da yawa fitilar sola ce ko tocila ke haska su.

Na san wani zai ce, malam, kana wanke su ne kawai, kuɗi ne ke magana, kamfanoni na sayen maki. Zargin ba daga iska ya faɗo ba. A ƙarshen 2007 an sallami Jeff Gerstmann daga GameSpot bayan ya kushe wasan Kane & Lynch, wanda tallarsa ta cika shafin a lokacin, kuma a 2012 ya fito ya tabbatar cewa matsin lambar masu talla na cikin dalilan. Amma kuɗin talla, in ya yi tasiri, sama yake tura maki, kuma ya kamata ya shafi kowane irin wasa. Bai bayyana dalilin da ya sa, a wasan motsi, gardamar ke komawa kan tambaya guda mai sauƙi ba: shin abin na aiki ko ba ya aiki? A wasan ƙwallo na FIFA da ake bugawa a gidajen gem na Gusau ana gardama kan daɗi, ba wanda ke gardamar ko maɓallin shot na buga shot.

Wani kuma zai ce rashin iyawa ne, mai kushe bai koya ba. Wannan ita ce hujjar da Sony ya taɓa riƙewa, kuma labarin na da ban dariya. A 2007 aka fito da wani wasa mai suna Lair a PlayStation 3, inda kake hawa wani dodo mai fiffike, kana tuƙa shi da karkata hannun gem. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, IGN ya ba shi 4.9, GameSpot 4.5. Sai Sony ya buga ɗan littafi mai launi, jagorar yadda ake sharhin Lair, ya aika wa waɗannan mutanen da suka riga suka gama sharhi. Wato ka ci tuwo ka ce ya yi gudaji, sai uwargida ta aiko maka da takardar yadda ake taunawa. A 2008 dai kamfanin ya saki gyara, ya ba mutane damar tuƙa dodon da ɗan yatsa kamar sauran wasanni. Nintendo ma, da ya sake fito da Skyward Sword a na'urar Switch a 2021, ya ƙara hanyar sara da maɓalli ga wanda ba ya son lilo. Na yarda koyo na da tasiri, na ma faɗa ɗazu. Sai dai wanda ya sayi wasa da kuɗinsa ba zai samu malami a cikin kwali ba, don haka wahalar da mai sharhi ya sha wajen koyo labari ne da mai saye ke buƙatar ji.

Akwai masu cewa a tara makin duka a raba, kamar yadda shafin Metacritic ke yi. Lokaci na hararar mu, amma amsar gajeriya ce. In mutum biyar sun ba da taurari biyar, biyar sun ba da ɗaya, lissafi zai ce uku, alhali babu ko mutum ɗaya da ya ji wasan a matsayin na uku. Abin da kake son sani shi ne a wane rukuni wayarka za ta jefa ka.

Mu dawo rumfar caji. Wayoyin da suka fi yawa a hannun matasan Kurya da Shinkafi da Zurmi su ne Tecno da Infinix da itel, duka na kamfanin Transsion na ƙasar Sin. Kusan kowace waya na da na'urar da ke jin an karkata ta, ita ce ke juya hoto in ka kwantar da waya, kuma ta isa a buga wasan Temple Run. Amma ta biyun, wadda masu wasan PUBG ke kira jairo, mai auna juyawa daki-daki, ƙananan wayoyi da yawa ba su da ita, wasu kuma manhaja ce ke kwaikwayonta, sai saiti ya riƙa makara. Ƙara da zafin bazara, lokacin da waya ke rage gudu don kada ta ƙone, ga tafin hannu ya jiƙe da gumi. Mai sharhin da ke YouTube da babbar waya a ɗaki mai sanyi bai yi maka ƙarya ba, wayarsa ya ba ka labari. Gem irin PUBG kuwa ya haura gigabait ɗaya, kuma kowa ya san kuɗin data a yau.

Saboda haka, ƙanina mai sauraro, kafin ka sauke gem ɗin da ake tuƙawa da motsi, duba ko wayarka na da jairo, ka nemi sharhin wanda ya ambaci waya irin taka, ka kuma leƙa saitin wasan ko ana iya kashe motsin a koma maɓalli. In kai ma za ka ba da taurari a Play Store, don Allah ka rubuta sunan wayarka a jimlar farko.