Jirgin Rimot na Farko: Wanne Ya Dace da Ɗan Koyo?

Shirin namu na yau na samarin Sara ne, da na Gwaram da Birnin Kudu, waɗanda suka tashi suna ƙera mota da karan dawa, yanzu kuma suke kallon jiragen rimot a wayoyinsu ransu yana biyawa.

Wannan sha'awa ba baƙuwa ba ce a Arewa. A Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925. A Zariya aka kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi a 1964. A 2007 kuma wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya harhaɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota, har labarinsa ya kai ƙasashen waje. Don haka iyaye, in yaro ya zo muku da wannan magana, kada ku ce masa shirme ne.

To, wanne za a saya? Ƙanena, na san inda idonka yake: kan jirgin yaƙin nan mai tsinin baki. Ka haƙura da shi tukuna. Gudu ne da shi, kafin hannunka ya gane abin da idonka ya gani ya riga ya daki ƙasa, kuɗinka sun tafi.

Ka nemi mai tafiya sannu, wanda fukafukinsa ke saman gangar jiki, bakunansu kuma sun ɗan ɗaga sama. Nauyinsa a ƙasa yake rataye, kamar guga a igiya, shi ya sa in ya karkata ka saki rimot, sai ya nemi miƙewa da kansa. Faɗin fukafukan ya kai mita 1 ko ya ɗan zarce, domin ƙanƙanin jirgi iska ke wasa da shi, kuma da ya yi nisa ba ka bambance gabansa da bayansa. Jikin ya zama na soso mai tauri. Faɗuwa dai zai faɗi, ko shakka babu, abin tambaya shi ne ko zai gyaru. Na soso, gam da salatif sun ishe shi, waɗannan kuwa ba sai ka je Kano ba. In ka sami mai farfela a bayan fukafuki, ka riƙe shi da kyau, don in ya sauka da baki ƙasa injin da farfelar sun tsira. Abubuwa uku sun wadatar a rimot ɗin farko: wuta, juyawa, da hawa ko sauka.

Sai batir. Irin wanda ake kira LiPo shi ne ruwan dare, kuma yawanci abin da bai fi minti 10 ba zai ba ka a sama, saboda haka ka tanadi biyu. Ba ya son zafi. Kada ka bar shi a rana, balle a bazara, kada ka sa caji ka tafi ka bar shi, in kuma ya kumbura ka rabu da shi, yana iya kamawa da wuta.

Fili kuwa Allah ya hore mana. Bayan kaka, gonaki sun zama fetal. Ka fita da sassafe kafin iskar hunturu ta taso, ka tayar da jirgin yana fuskantar iska, haka ma wajen sauka. Abin da ke rikita kowa shi ne lokacin da jirgin ya juyo yana nufo ka: damarka ta zama hagunsa. Nan ne ake son wanda ya iya ya tsaya kusa da kai.

Ka nisanci kasuwa da garken shanu da wayoyin lantarki, kada kuma ka kusanci filin jirgin Dutse ko wurin jami'an tsaro. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta sanar cewa tayar da jirgi marar matuƙi sai da izini, don haka ka nemi bayani kafin ka ba da kuɗinka, ka kuma sanar da mai unguwa da mai gonar da za ka yi amfani da ita.