Jiragen nutso 31 na Faransa: biyar kaɗai suka ga ƙarshen yaƙi

Ranar 25 ga watan Satumba na 1940, da hantsi, wani jirgin yaƙin Faransa mai nutso ƙarƙashin ruwa, mai suna Bévéziers, ya harba nakiya a bakin tekun Dakar, ta sami babban jirgin yaƙin Ingila, Resolution. Kwana uku ke nan Ingilishi da mutanen Janar Dogol suna neman karɓe birnin daga hannun Gwamna Boisson, mai biyayya ga Marishal Petan. A ranar suka haƙura, suka janye. Da yake daga Dakar ake mulkin Afirka ta Yamma ta Faransa, sai Nijar ma ta ci gaba da zama ƙarƙashin gwamnatin Vishi har watan Nuwamba na 1942, alhali maƙwabciyarta Cadi ta bi Dogol tun watan Agusta na 1940.

Bévéziers ɗaya ne daga cikin jirage 31 iri guda, waɗanda sojan ruwan Faransa ke kira "masu ton 1500". Kowanne yana da tsawon mita 92, an kuma ƙera su don doguwar tafiya, su tsare hanyoyin teku tsakanin Faransa da ƙasashen da ta mallaka. Na farkonsu, Redoutable, an saka shi ruwa a 1928. Na ƙarshe ya kama aiki a 1939.

Tun kafin yaƙi suka fara da rashin sa'a. A 1932 Prométhée ya nutse kusa da Sherbur ana cikin gwada shi, mutum 62 suka halaka. A 1939 Phénix ya ɓace a tekun Indoshin da mutum 71.

Don Jamus aka tanade su, amma Jamus ta ci Faransa ta ƙasa cikin mako shida. Ranar 18 ga Yuni na 1940, jirage huɗu da ke gyara a Brest suka kasa tashi, sai masu su suka lalata su don kada su faɗa hannun abokan gaba. Bayan Petan ya sa hannu a dakatar da yaƙi, umurnin da aka ba sauran shi ne su kare mallakar Faransa daga duk wanda ya taɓa ta. Masu taɓawar kuwa su ne abokan jiya. Matuƙan suka shiga halin gaba kura baya siyaki, amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: suka yi yaƙin.

A Dakar aka rasa Persée da Ajax. A watan Nuwamba na 1940, gab da Gabon, jirgin Ingila ya raunata Poncelet. Kumandansa, Bertrand de Saussine, ya fitar da mutanensa duka, ya koma ciki shi kaɗai ya buɗe wa ruwa hanya, ya tafi tare da jirginsa. A watan Mayu na 1942 Ingilishi suka nutsar da uku a Madagaska, har da Bévéziers ɗin nan. Da Amurka da Ingila suka sauka Maroko da Aljeriya a Nuwamba na 1942, aka nutsar da wasu uku, na huɗu kuma, Le Tonnant, mutanensa ne suka nutsar da shi gab da Ispaniya.

Ranar 27 ga wannan watan, da asuba, sojan Jamus suka kutsa tashar Tulon don kame jiragen Faransa. Bakwai daga cikin irin nan suka halaka a hannun masu su. Biyu suka tsere: Le Glorieux da Casabianca.

Casabianca ne ya fidda sauran kunya. Kumandan Jean L'Herminier ya kai shi Aljer, daga can ya riƙa zirga-zirga a ɓoye zuwa tsibirin Korsika, yana sauke makamai da ƴan leƙen asiri cikin dare. Ranar 13 ga Satumba na 1943 ya sauke soja 109 a Ajaksiyo, farkon dakarun da suka zo ƴantar da tsibirin. Shi kuwa L'Herminier, ciwon da ya ƙi tsayawa ya yi jinyarsa ya sa aka yanke masa ƙafafu biyu. Ya rasu a 1953.

In aka yi lissafi, ga yadda abin ya kasance: biyu haɗari ya ci, goma sha biyu masu su suka nutsar, tara sun tafi a faɗa da Ingila da Amurka, ɗaya, Pégase, ya lalace a Saigon. Biyu kaɗai Jamus ta halaka: Sfax, a watan Disamba na 1940, da Protée, wanda ya taka nakiya kusa da Marsai a ƙarshen 1943. Biyar suka ga ƙarshen yaƙi, kafin ƙarshen 1952 kuma duk an sallame su daga aiki.

Protée ya tafi da mutanensa duka, ba a san makwancinsu ba sai a 1995, da aka gano gawar jirgin a ƙasan teku. Iyalansu sun yi fiye da shekara 50 suna jiran wannan labari.