Manhajar Linux da Lissafin Ɗan Kasuwa: Inda Rangwamen Yake da Inda Ɗawainiyar Take

ABUJA — Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ƙayyade darajar Naira, kamfanoni da ofisoshin da ke biyan kuɗin lasisin manhajar kwamfuta da dalar Amurka suka ga ɗawainiyarsu ta ninka har sau uku. Dala ɗaya da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance kafin wannan mataki ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Bugu da ƙari, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake bai wa Windows 10 kyauta, alhali kuwa da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ake sayarwa a wurare irin su Banex Plaza da ke Wuse ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Waɗannan dalilai biyu ne suka sa batun Linux da sauran 'yantattun manhajoji ya cancanci 'yan kasuwa su zauna su yi masa lissafi.

'Yantacciyar manhaja ita ce wadda lasisinta ya bai wa kowa izinin yin amfani da ita, da duba asalin rubutun da aka gina ta da shi, da yi mata gyara, da kuma rarraba ta ga wasu. Richard Stallman ne ya aza harsashin wannan tsari a Amurka cikin 1983 da shirinsa na GNU, sannan a 1989 aka fito da lasisin GPL, wanda ya shar'anta cewa duk wanda ya gyara manhajar ya kuma rarraba ta, to wajibi ne ya bai wa na gaba irin 'yancin da shi ma ya samu. A watan Agustan 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar da cewa yana gina zuciyar wata babbar manhaja a matsayin aikin sha'awa kawai. A 1992 ya sanya ta ƙarƙashin lasisin GPL, daga nan masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka shiga ƙara mata gini.

Abin da ya faro a ɗakin ɗalibi ya zama ginshiƙin kasuwanci. A kan Linux aka gina Android, wadda ke tafiyar da mafi yawan wayoyin hannu a Nijeriya. Tun daga watan Nuwamban 2017, dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. A 2019 kuma kamfanin IBM ya sayi Red Hat, wanda sana'arsa ita ce kula da Linux ga manyan kamfanoni, a kan dala biliyan 34.

Wannan ciniki na ƙarshe yana bayyana yadda tattalin arzikin lamarin yake. Kwafar manhaja ba ta cin kuɗi. Abin da ke cin kuɗi shi ne girka ta, da horar da ma'aikata, da gyara idan ta sami matsala. Don haka ɗan kasuwar da ya koma Linux yana sauya nau'in ɗawainiya ne: kuɗin lasisi da ake aikawa waje da dala yana raguwa, ladan ƙwararru da ake biya a gida da Naira yana ƙaruwa. Ga ƙasar da ke fama da ƙarancin kuɗaɗen musaya, wannan sauyi yana da muhimmanci. Manyan kamfanoni da bankuna sun san wahalar da ke ciki, domin sai hukumar NOTAP da ke Abuja ta yi wa yarjejeniyar lasisin manhajar waje rajista kafin a nemi kuɗin musaya ta hanyar hukuma don biyanta.

Akwai kuma batun doka. Binciken da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kan kwamfutoci a Nijeriya ba su da lasisi. Dokar haƙƙin mallaka tana kare manhajar kwamfuta kamar yadda take kare littafi, sannan kwafin sata yakan zo da ƙwayoyin cutar da ke kwashe bayanan ciniki. Wanda ya girka Ubuntu, da LibreOffice don rubutu da lissafi, ya fita daga wannan haɗari ba tare da biyan ko kwabo na lasisi ba.

Sai dai kuma tarihin Abuja kanta yana da darasin da ya kamata a riƙe. A 2007 aka raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima, da ke bayan gari, ƙananan kwamfutocin XO masu aiki da Linux, a ƙarƙashin shirin nan na bai wa kowane yaro kwamfuta ɗaya. Yaran sun koyi sarrafa su cikin hanzari, amma rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar haɗin intanet, da lalacewar na'urori suka dabaibaye gwajin, kuma maganar da aka yi ta yi ta sayen kwamfutoci miliyan ɗaya ba ta tabbata ba. A ƙarshen wannan shekara kuma taƙaddama ta tashi kan kwamfutocin Classmate guda 17,000 da aka tanadar wa makarantun Nijeriya, tsakanin kamfanin Mandriva na Faransa da Microsoft, game da manhajar da za a bari a kansu. A watan Maris na 2012 Abuja ta karɓi baƙuncin taron Idlelo karo na biyar, wanda gidauniyar FOSSFA mai rajin yaɗa 'yantacciyar manhaja a Afirka ta shirya. An sha jawabai da shawarwari, amma teburan ma'aikatun gwamnati suka ci gaba da dogara ga Windows.

Inda aka ga nasara mai ɗorewa shi ne inda aka haɗa manhajar da horo da kasafin kuɗi. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana tattara alƙaluman asibitocin ƙasar nan ne da DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gininta. Hukumar NCDC kuwa ta rungumi SORMAS don bin diddigin annoba, manhajar da aka faro bayan ɓullar cutar Ebola a 2014 da haɗin gwiwar masana na Jamus da na Nijeriya. A dukkan su biyun akwai ma'aikatan da aka horar, da kuma hukumar da aikin ke wuyanta. A waje ma haka abin yake: birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya kwamfutoci kusan 15,000, sannan majalisarsa ta ƙada ƙuri'ar komawa Windows a 2017, yayin da jihar Schleswig-Holstein ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Wani haɗarin da 'yan kasuwa ba su cika lura da shi ba shi ne cewa sassa da dama na wannan gini ƙananan ayyukan sha'awa ne da mutum ɗaya ko biyu ke kula da su bayan sun tashi daga aikinsu na albashi. A 2014 aka gano kuskuren Heartbleed a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin hada-hadar kuɗi a intanet, sai duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke riƙe da ita da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba. A watan Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya bankaɗo wata ɓoyayyiyar ƙofar kutse da aka cusa a cikin ƙaramar manhajar xz, bayan wanda ya cusa ta ya shafe kimanin shekara biyu yana neman amincewar mai kula da aikin. Buɗewar rubutun ce ta sa aka kama shi kafin ɓarna ta yaɗu, amma lamarin ya nuna cewa kowa na ɗiban ruwa a rijiyar, masu yashe ta kuwa ba su da yawa.

Nijeriya na da nata masu yashen. Ƙungiyar Open Source Community Africa, wadda Samson Goddy da Ada Nduka Oyom suka kafa, tana haɗa matasa masu ba da gudummawa ga irin waɗannan ayyuka, kuma Chakra UI da Segun Adebayo ya ƙirƙira ta sami karɓuwa a wurin masu gina manhaja a ƙasashe da dama. Daga cikin irin waɗannan matasa ne kamfani zai samo wanda zai riƙe masa na'urorinsa.

Saboda haka, kafin ɗan kasuwa ya yanke shawara, ya kamata ya lissafa ayyukan da kowace kwamfuta ke yi a ofishinsa. Wadda aikinta bai wuce rubuta wasiƙu, da jadawalin lissafi, da shiga intanet ba, za ta iya komawa Linux, har ma tsohuwar na'ura ta ƙara wasu shekaru tana aiki. Wadda kuwa ta dogara ga manhajar da ba a yi ta don Linux ba, kamar samfurorin CorelDRAW na yanzu da masu ɗab'i suka saba da su, gara a bar ta yadda take, a biya lasisinta. Ya dace a fara da na'ura ɗaya ko biyu na tsawon wata uku, a tabbatar cewa takardun da ake musaya da bankuna da ma'aikatu suna buɗewa daidai, a kuma ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da ƙwararren da zai riƙa sabunta manhajar. Wani kaso na kuɗin lasisin da aka tsimin kuwa, a ware shi tun daga kasafin shekarar farko don horar da ma'aikata da biyan wannan ƙwararre.