Me ya sa salansar babur ɗin ruwa ke fitar da ruwa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babur ɗin ruwa yana aiki, zai lura cewa ba hayaƙi kaɗai ke fita daga salansarsa ba, har da ruwa.

Da gangan aka ƙera shi haka, kuma idan ruwan ya yanke, abin hawan na iya kamawa da wuta.

Kamfanin Bombardier na Kanada ya fitar da samfurin Sea-Doo a 1968, yayin da Kawasaki na Japan ya fitar da Jet Ski a 1973. Matsalar da maƙeran suka fuskanta ita ce, injin na rufe ne a cikin gangar jiki ta faiba, kusa da tankin mai, inda iska ba ta kaɗawa. Shi kuwa hayaƙin inji, zafinsa kan kai ɗaruruwan digiri a ma'aunin Salshiyos.

A mota, lagireto da iska ne ke ɗauke zafin. A nan kuwa, famfon da ke tura babur ɗin gaba shi ne ke ba da ruwan. Farfelarsa kan zuƙo ruwa daga ƙasa ta fesa shi ta baya, sai wani ɗan tiyo ya ɗebi kaɗan ya kai wa injin.

Ruwan kan zagaye silinda, ya bi ta jikin bututun hayaƙi, sannan a fesa wani ɓangarensa cikin hayaƙin kansa. Daga nan su zarce tare zuwa wani akwati da ke rage ƙara, su fita ta tiyon roba.

Injinan da Sea-Doo ya fara fitarwa a 2002 na da nasu ruwan sanyi a rufe kamar na mota, amma duk da haka salansarsu da ruwan waje take sanyaya.

To sai dai kuma ruwan na da nasa haɗarin. Idan ciyawa ko leda ta toshe mashigarsa, tiyon roba kan ƙone cikin ɗan lokaci, ruwa da hayaƙi su cika gangar jikin.

Idan kuma ruwa ya shiga salansa alhali injin na kashe, babu hayaƙin da zai tura shi waje, don haka yakan taru ya koma cikin silinda. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, saboda haka da zarar an tayar da injin, sandar fistin na iya lanƙwashewa.

Wannan ne ya sa idan za a wanke gishirin teku daga injin a kan tudu, ake fara tayar da shi kafin a buɗe famfo, a kuma rufe famfon kafin a kashe shi. Haka nan idan za a ja babur ɗin da ya lalace da gudu a kan ruwa, akan ɗaure tiyon da ke kai ruwan.

Wasu makanikai kan ciro irin wannan inji su ɗora a kan ƙananan motoci, domin yana da ƙarfi kuma ba shi da nauyi. Amma fa aikin ya fi yadda ake zato wuya. A kan tudu babu kogin da za a zuƙa, don haka sai an sa lagireto da famfon ruwa na musamman, a kuma ƙera sabuwar salansa ta ƙarfe zalla. Tsohuwar, muddin babu ruwa, robarta narkewa za ta yi.

A Thailand akasin haka ake yi. Injin mota ake ɗorawa a bayan kwale-kwale, a haɗa shi da doguwar sanda mai farfela. Da yake injin a fili yake, galibi hayaƙin kan fita kai tsaye ba tare da ruwa ba, abin da ya sa ake jiyo ƙarar waɗannan jirage daga nesa a kogin Chao Phraya da ya ratsa birnin Bangkok.