Ƙara wa Injin Babur ɗin Doguwar Tafiya Ƙarfi: Me Ake Samu, Me Ake Rasawa?

A Amurka akwai manyan babura da aka ƙera musamman don doguwar tafiya, irin su Street Glide da Road Glide na kamfanin Harley-Davidson. Nauyin kowannensu ya kusa kilo 400, kafin ma a ɗora mutum biyu da kaya. Masu su kan kashe dubban daloli don ƙara wa injin ƙarfi, amma wani sai ya karɓo babur ɗinsa daga gareji ya tarar ya fi da kasala a kan hanya, duk da cewa takardar gwaji ta nuna ƙarfin ya ƙaru. Yaya aka yi haka? Amsar tana cikin bambancin abubuwa biyu da ake yawan haɗa su wuri guda.

Na farko shi ne ƙarfin murɗawa. Idan ka sa sufana za ka kunce noti, ƙarfin da kake juya notin da shi ke nan, kuma ana auna shi da nuton-mita. Na biyu shi ne ƙarfin doki, wato yawan aikin da injin ke yi cikin wani ƙayyadadden lokaci. Alaƙarsu mai sauƙi ce: ka ninka ƙarfin murɗawa da yawan juyin injin a minti ɗaya, ka raba da kusan 7,120, sai ka samu ƙarfin doki.

Mu ɗauki injin Milwaukee-Eight 107 da kamfanin ya fito da shi a 2016. Silinda biyu gare shi, kowace da bawul huɗu, girmansa kuma sisi 1,745. Yana ba da kimanin nuton-mita 150 a juyi 3,250, wato ƙarfin doki 68 a daidai wannan wurin. Da zai riƙe wannan murɗawar har juyi 5,500, da ya ba da doki 116. Ka ga ke nan ana iya ƙara lambar doki sosai ta hanyar tura ƙarfin injin can sama, ba tare da an ƙara komai a ƙasa ba. To amma matafiyin da ke kan babbar hanya a giya ta shida yawanci yana tsakanin juyi 2,500 ne da 3,500. A nan yake buƙatar ƙarfi idan zai wuce tirela ko zai hau tudu da kaya, ba a juyi 5,500 da sai jefi-jefi yake kaiwa ba.

Kafin mu shiga gyare-gyaren, ka ɗauki inji a matsayin famfon iska. Fetur ba ya ƙonewa sai da iska, kuma kowane giram ɗaya na fetur yana buƙatar kusan giram 14.7 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Zuba ƙarin mai abu ne mai sauƙi, shigar da ƙarin iska shi ne aikin. Shi ya sa kayan ƙarin ƙarfi da kamfanin ke sayarwa da sunan Screamin' Eagle, waɗanda ya kasa mataki huɗu, duk a kan numfashin injin suke.

A mataki na ɗaya ana canza matatar iska da salansa, sannan a sake saita kwamfutar da ke raba mai. Wannan saitin fa ba na ganin dama ba ne. Idan iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, haɗin zai yi ƙarancin fetur, injin ya ƙara zafi. Injiniyoyi sun san cewa ƙarfi ya fi fitowa idan haɗin ya ɗan fi yawan mai, wajen kashi 13 na iska a kan kashi 1 na fetur. Kuma kada ƙara ta ruɗe ka: salansa mai faɗi fiye da kima tana rage gudun hayaƙin da ke fita a ƙananan juyi, sai babur ya cika unguwa da ruri alhali ya rasa ƙarfi a ƙasa.

Mataki na biyu shi ne canza kamshaf, sandar da ke buɗe bawul tana rufewa, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke zaɓen tumun dare. Iskar da ke shiga silinda tana da nauyi. Idan injin na juyi da sauri, tana shigowa a guje, don haka in aka jinkirta rufe bawul ɗin shaƙa za ta ci gaba da cusa kanta ko da fistin ya fara hawowa. Amma a ƙananan juyi iskar ba ta da wannan gudun, sai fistin ya koro wani ɓangarenta waje ta bawul ɗin da bai rufe ba. Kamshaf ɗin da ke jinkirta rufewa yana ba da doki a sama, yana cin murɗawa a ƙasa. Wanda ke saurin rufewa kuma akasin haka yake yi. Kamfanin da kansa yana sayar da iri biyun, kuma ga babur mai nauyi da ke ɗaukar mutum biyu, na murɗawar ne ya fi dacewa.

Mataki na uku shi ne ƙara faɗin silinda da sa manyan fistin. Ana iya mayar da injin 107 ya koma 114, ƙarin kusan kashi 6.5 cikin 100 na iskar da yake shaƙa a kowane zagaye. Alfanun wannan shi ne ƙarin yana bayyana tun daga ƙasa har sama. Mataki na huɗu yana haɗawa da canza kawunan silinda da faɗaɗa maƙogwaron totur, har girman injin ya kai 128 ko 131.

Kowane ƙari yana da farashinsa. Sabbin fistin kan ƙara matse haɗin mai da iska, kuma idan matsin ya yi yawa ga irin fetur ɗin da aka zuba, wani ɓangaren haɗin zai fashe da kansa kafin wutar filogi ta iso gare shi. Wannan fashewar tana iya huda fistin. Zafi ma yana ƙaruwa, musamman a silindar baya da ba ta samun iska sosai, kuma a cunkoson ababen hawa ƙafafun mai tuƙi ne ke fara shaidawa. Kuloci na iya fara zamewa idan ba a ƙara masa ƙarfi ba, shan mai na iya ƙaruwa, garantin kamfani kuma na iya faɗuwa idan aka sa kayan da bai amince da su ba. Akwai kuma doka: a 2016 Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 bayan hukumar kare muhalli ta Amurka ta zarge shi da sayar da na'urorin saita inji kusan 340,000 da ke ƙara gurɓata iska.

Saboda haka idan aka nuna maka sakamakon gwajin inji a kan na'urar da ake kira daino, kada idonka ya tsaya a kan lamba mafi girma. Ka nemi layin murɗawa, ka duba shi tsakanin juyi 2,500 da 3,500, ka kwatanta na kafin gyara da na bayan gyara. Idan layin ya ɗaga a wannan tsakanin, mai babur zai ji bambancin duk lokacin da ya murɗa totur. Idan kuwa ya sauka a nan ya ɗaga a 5,500, to ya biya kuɗi ne ya sayi ƙarfin da zai yi amfani da shi na 'yan daƙiƙoƙi, ya kuma rasa wanda yake buƙata tsawon yini a kan hanya.